Daddawa Da Darasin Kaka

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa, a gaban kaka yarinya kan koyi yin daddawa. Wuni guda ake dafa kalwa, a surfe, a wanke, a sake dafawa, sa'an nan a rufe ta kwana uku. Wadda ta yi garajen buɗewa ta ɓata aikin. Nan yarinya ke gane cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Yau ɗunƙulen Maggi ya shiga kowace tukunya, ga shi ana sare ɗorawa don makamashi. Lalle iyaye su tura 'ya'yansu wurin tsofaffi tun suna raye, domin ran da kaka ta kwanta dama, sirrin miyarta ya bi ta.