Alhaji, Wa Ya Ce Ka Tara Su?

Da kai nake, Alhaji. Da ke nake, Hajiya mai gidauniya. Haka ku ma 'yan siyasa, da kwamitocin masallatai da na majami'u, da duk wanda Allah Ya hore masa ya yi niyyar taimakon mabuƙata, sannan ya sa a yi shela a rediyo cewa kowa ya hallara ƙofar gida kaza ranar kaza. Wannan ɗabi'a tana kashe mutane. Ta sha kashe su, kun kuma sha jin labari, amma da azumi ya kama ko wata annoba ta auku sai ku sake.

Daren 19 ga Afrilun 2023, ana saura 'yan kwanaki ƙaramar Sallah, wasu 'yan kasuwa a birnin San'a na ƙasar Yaman suka tara jama'a a wata makaranta da ke unguwar Bab al-Yaman, za su ba kowa riyal 5,000. Kuɗin ko dala 10 bai kai ba. Amma ƙasa ce da ta shekara takwas cikin yaƙi, mutane sun ga uwar bari, saboda haka ɗaruruwa suka yi dafifi a mashiga mai matsi. Waɗanda suka ga abin sun ce masu bindiga sun yi harbi sama don su tsawata wa jama'a, harsashi ya sami wayar lantarki ta fashe, mutane suka firgita. Aƙalla mutum 78 suka rasu. Abin da aka nuna wa duniya washegari tulin takalma ne da tsummokara, da sandar wani gurgu a yashe.

Kada ka ce Yaman ta yi nisa. Diffa fa? Ranar 17 ga Fabrairun 2020 aka yi rabon abinci da kuɗi ga 'yan gudun hijirar da rikicin Boko Haram ya koro daga Barno zuwa Jamhuriyar Nijar. Naira 5,000 ake ba kowa. Labari ya bazu a sansanoni, mutane suka baro inda suke, wasu daga nisan kusan kilomita 100, suka taru dubbai. A turmutsutsun da ya biyo baya mutum 20 suka mutu, mata da ƙananan yara. Mace ta tsere wa masu yanka, ta haye kogin Komadugu da goyo a bayanta, ta shekara da shekaru a bukkar leda, sai ga shi ta cika a layin masu tausaya mata.

Disambar 2024 kuwa, a Nijeriya, abin ya zo a jere. Ranar 18 ga wata, a wata makarantar sakandare da ke Bashorun a Ibadan, aka yi alkawarin ba yara 5,000 naira 5,000 kowanne, aka yi ta tallar abin a rediyo. Iyaye suka kwaso 'ya'yansu tun gari bai waye ba. Yara 35 ba su koma gida ba. Bayan kwana uku, a rana ɗaya, mutum 22 suka mutu wurin rabon shinkafa a Okija ta jihar Anambara, wasu 10 a harabar wani coci a Maitama, tsakiyar Abuja. Rai 67 ke nan cikin kwana huɗu. Kafin wannan, cikin azumin shekarar, an binne mata da 'yan mata a Bauchi daga wurin rabon zakka. An binne mutum 31 a Fatakwal a 2022, an binne mata 15 a Sidi Bulalam ta ƙasar Maroko a 2017. Babu ko ɗaya cikinsu da yaƙi ko ambaliya ta kashe. Kyauta suka je karɓa.

Na taɓa tsayawa a irin wannan wuri, a wata unguwar masu hali, cikin goman ƙarshe na azumi. Tun bayan sallar asuba mata suka cika layin, suna zaune a ƙasa, kowace da buhun leda naɗe a hammata. An ce ƙarfe takwas za a fara. Har rana ta take ba a taɓa get ba, wai ana jiran mai ɗaukar hoto da wani babban baƙo. Ga azumi a baki, ba rumfa, ba inuwa. Kusa da ni akwai wata dattijuwa, za ta yi sa'ar mahaifiyata, ta ce mini daga bayan gari ta tako a ƙasa don ba ta da kuɗin a-daidaita-sahu. Da aka tashi zare sakata, 'yar ƙaramar ƙofar nan ta jikin get kaɗai aka buɗe, wadda mutum ɗaya ke wucewa. Nan take na baya suka danno, na gaba suka manne da ƙarfe, masu gadi suka zaro dorina suka shiga tafka. Na ga an ɗaga wata jaririya sama ana miƙa ta hannu zuwa hannu ta kan kawunan mutane, uwarta tana ƙwala ihu ba mai jinta. Allah Ya tsare, ba a rasa rai ba. Bayan an watse na tarar da dattijuwar nan zaune a bakin kwata, ƙafa ɗaya ba silifa, ta dafe haƙarƙari. Na ce, "Inna, kin samu?" Ta ce, "Ina fa, ɗan nan, ko ƙofar ban kai ba." Da daddare hotuna suka fito a Facebook. Ga Alhaji nan cikin farar shadda yana murmushi, yana miƙa wa wata baiwar Allah taliya da kwanon shinkafa, jama'a suna ta zuba masa addu'a a ƙasan hoton.

Na san abin da za ku ce. Ƙaddara ce, kwanansu ne ya ƙare. Mun yi imani da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta taɓa wanke mai sakaci ba, shi ya sa shari'a ta ɗora diyya a kan wanda ya yi kisa ko da bisa kuskure. Direban da ya san birkinsa ya mutu ya cika mota da fasinja, ba wanda zai saurari wa'azin ƙaddara daga bakinsa. Kai da ka kira dubban mayunwata zuwa ƙofa mai faɗin kamu huɗu, me ya raba ka da shi?

Sai kuma ku ce talaka ne ba shi da haƙuri, ba ya bin layi. Wannan magana ta fi ta farko ciwo. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 farashin komai ya yi tashin gwauron zabo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Matar da ta baro yara a gida ba a ɗora tukunya ba tun jiya, ta ga buhunan da aka jibge ba su kai rabin mutanen da ke wurin ba, ta kuma san wanda ya riga shi zai samu, me kake so ta yi? Kai ka tsara abin a kan wawaso, sannan ka zargi wanda ya yi wawaso. Kuma ku san yadda ake mutuwa a cunkoso. Yawanci ba tattaka mutum ake yi ba. A tsaye yake, a matse shi gaba da baya har ƙirjinsa ya kasa buɗewa, numfashi ya ƙi shiga, cikin 'yan mintoci rai ya yi halinsa. Wanda ke can baya yana turawa bai ma san abin da ke faruwa a gaba ba. Dalilin da ya sa gawarwakin galibi na mata ne da yara da tsofaffi ke nan, su ne marasa tsawo da ƙarfin ƙirji, su ne kuma waɗanda ka ce don su kake yi.

Bari in faɗi abin da ake jin nauyin faɗa. Da yawanku taron kuke so. Buhu ɗari da aka kai gidaje ɗari cikin dare ba ya yin hoto, amma mutum dubu uku a ƙofar gida suna ɗaga hannu suna kiran sunanka, wannan yana yin hoto, yana kuma yin amfani ranar zaɓe. Ban ce kowa ba. Akwai masu kyakkyawar niyya da rashin sani ko ganda ya kai su ga haka. To amma tun muna makarantar allo malamai suka karantar da mu cewa gori da cutarwa suna rushe ladan sadaka, kuma wace cutarwa ta wuce ka shanya uwar wani a rana awa shida da azumi, ka sa a zane ta da dorina, ka watsa fuskarta a duniya ba da izininta ba? Labarin Sayyidina Umar da ya saɓa buhun gari a bayansa cikin dare ya kai wa matar da 'ya'yanta ke kukan yunwa, ku kuke ba da shi a wurin tafsiri. Shi da ke mulkin daula ya taka ya je. Bai aika a kirawo ta ba.

Kuma ba wani sirri ba ne yadda ake rabo lafiya. Hukumar Abinci ta Duniya da ƙungiyar Red Cross suna ciyar da miliyoyin mutane a wuraren da suka fi ƙofar gidanka hatsari nesa ba kusa ba. Suna da nasu kurakuran, amma ka duba yadda suke yi. Kafin a sauke buhu ko ɗaya an bi an rubuta gidaje, an san mutum nawa ke kowane gida, an ba kowa kati. Ana raba mutane rukuni-rukuni, kowane da ranarsa da lokacinsa, mashiga daban mafita daban, masu ciki da tsofaffi da naƙasassu a gaba. Inda kasuwa ke ci, kuɗi ake tura wa mutum a kati ko a waya ya je ya sayi abin da yake buƙata. Wanda ya san sunansa na cikin takarda, rabonsa kuma ba zai ƙare ba, ba ya ture kowa. Mu ma ai ba baƙin wannan ba ne. Mai unguwa ya san gidan da aka yi rasuwa aka bar marayu. Limamin unguwa ya san magidancin da ya daina fitowa majalisa don kunyar bashi. Ungozoma ta san gidan da mai jego ke kwana da yunwa. Iyayenmu mata kwanon tuwo suke rufewa da faifai su ba yaro bayan magariba ya kai maƙwabta, ba mai ji ba mai gani. Akwai hukumomin zakka a Kano da Sakkwato da Zamfara. Wahala ce, na yarda, sai an yi yawo, sai an yi rubutu, sai an biya ma'aikata. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Hukuma ma ba ta fita ba. Duk lokacin da aka yi irin wannan rashi sai a fito da sanarwar ta'aziyya, a ce an kafa kwamiti, 'yan sanda su ce daga yau sai an sanar da su kafin a yi taron rabo. Ihu bayan hari. Ko wata uku ba a yi sai a manta, domin masu tara jama'ar su ne manyan gari, wani lokacin ma gwamnatin ce da kanta ke jibge tirela a fili ta ce a zo a ɗiba. Ya kamata duk wanda ya kira taron rabo ba tare da rajista da tsarin shiga da fita ba a hana shi tun kafin ranar, komai girman rawaninsa. In kuma ya yi aka rasa rai, ya tsaya gaban alƙali, ya biya diyyar kowane mamaci.

Alhaji, in ba za ka iya wahalar bin gidaje ba, ka miƙa buhunan ga waɗanda za su iya, ka bar get ɗinka a rufe. Ranar nan, kafin in bar bakin kwatar, na tambayi dattijuwar sunan unguwarsu, ta faɗa mini. Daga ƙofar gidan da ta wuni zuwa can, a mota, bai fi minti 20 ba.