Tsohon Babur Na Italiya: A Tambayi Bakanike Kafin A Tambayi Dillali

Duk wanda ya san ƙasar Magariya da Dungas ya san babur a nan ba kayan ado ba ne. Shi ne jakin zamani. Da shi ake kai mara lafiya asibiti, da shi ake ɗauko buhun gero daga ƙauye, da shi ƴan kabu-kabu suke ciyar da iyalansu, da shi kuma ake ƙetarawa Babura ta Tinkim, ko a tafi kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Shi ya sa maganar sayen babur ba ƙaramar magana ba ce a wajen talaka, domin kuwa wani sai ya sayar da sa, ko ya yi shekara biyu yana ci-rani, kafin ya haɗa kuɗin.

To amma akwai wani kwaɗayi da ya fara shiga zukatan samarinmu, wato sha'awar manyan baburan tsere, musamman tsofaffin ƙirar Italiya da Turawa suka gama yayinsu. Ana ganin hotunansu a waya, ana ganin jefi-jefi a titunan Yamai da Kano, sai yaro ya ji cewa in bai hau irinsu ba bai cika ba. A nawa ra'ayin, wanda zai sa guminsa cikin irin wannan babur a ƙasarmu ya tsaya ya yi lissafi sau biyu, kuma zan faɗi dalilaina.

Da farko dai a ba mai haƙƙi haƙƙinsa. Mutanen Italiya gwanaye ne wajen ƙera babur. Kamfanin Moto Guzzi tun 1921 yake aiki. Giacomo Agostini ya ci kambin duniya sau 15, akasarinsu a kan MV Agusta. Ducati 916 da aka fitar a 1994, wanda Massimo Tamburini ya zana, har yau ana sa shi cikin baburan da suka fi kyau a duniya. Mu ma ƴan Nijar muna da abin tunawa, domin a 1990 Edi Orioli ya ci tseren Paris zuwa Dakar a kan Cagiva Elefant mai injin Ducati, tseren da ya ratsa ƙasarmu, ya kuma sake ci a 1994. Sai dai mai karatu ya lura, Orioli ba shi kaɗai ya shiga hamada ba. Yana da kanikawa da motocin kayan gyara suna biye da shi, kowane dare ana kwance babur a duba. Kai wa zai bi ka a hanyar Bande?

Dalili na farko shi ne yadda injin yake. Ducati yana da wata dabara da ake kira desmo, wadda injiniya Fabio Taglioni ya shigo da ita kamfanin tun shekarun 1950. A sauran babura, sifirin ne ke rufe bawul. A Ducati kuwa wani hannun ƙarfe ne ke buɗewa, wani kuma ya rufe. Wannan yana ba injin ƙarfi in ana gudu, amma a tsofaffin ƙira dole a auna tazarar bawul ɗin duk bayan kamar kilomita 10,000, kuma aikin yana son kayan awo da ƙananan ƙarafa na musamman. Bugu da ƙari akwai bel na roba mai haƙora da ke juya kan injin, wanda ake son a canza duk shekara biyu, ko an hau babur ɗin ko yana jingine a zaure. Ranar da ya tsinke, fistan ya doki bawul, injin ya tashi aiki. Kanikawanmu na bakin tasha haziƙai ne, na sha hira da su a gidan rediyo, kuma da kunne kawai suke gane ciwon Kasea ko Boxer. Amma ba a tambayar mutum aikin da ba shi da kayan yinsa.

Dalili na biyu shi ne kayan gyara. Ducati yana nan da ransa, tun 2012 yana hannun kamfanin Audi na Jamus. Moto Guzzi da Aprilia kuma Piaggio ya saye su a 2004. Amma Laverda ya daɗe da daina ƙera babur, haka ma Cagiva. Ko a Turai mai irin waɗannan sai ya yi ta cigiya kafin ya samu abin da ya lalace. Balle mu, da rufe iyaka kaɗai ya isa ya tsayar da komai. Mun ga yadda Najeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, mun kuma ga takunkumin da ya biyo bayan 26 ga Yuli 2023, wanda ya dagula hanyar Kwatano. A lokacin har tayar ƙaramin babur sai da ta yi tsada, ina ga abin da sai an aika Italiya a biya da Yuro.

Dalili na uku, hanya da mai. An ƙera baburan tsere ne don kwalta mai santsi. Cikinsu yana kusa da ƙasa, tayarsu faffaɗa ce marar ƙunci, nauyinsu ya kai kilo 200, kuma mahayi a duƙe yake kamar mai noma. In ka sauka daga kwaltar Damagaram ka nufi ƙauyukan Dungas, rairayi ne zalla, kuma da damina ga kwari da laka. Ƙura kuwa ita ce babbar abokiyar gabar irin wannan injin. Sannan yana son mai tsaftatacce, alhali kuwa da yawa daga cikinmu a kwalba muke saye a bakin hanya, duk da cewa matatar SORAZ tana jiharmu tun 2011. Abin da ƙaramin babur zai sha ya kai ka Damagaram, babban sai ya sha ninkinsa biyu ko uku. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayu 2023, kowa ya san zamanin ruwa-ruwa mai araha ya wuce.

Na huɗu shi ne wanda ya fi damuna, wato rai. Ƙaramin babur mai 100cc ƙarfinsa bai kai doki 10 ba. Ducati 916 ya haura doki 100, yana kuma wuce kilomita 200 a awa. A kan hanyar da ake raba ta da amalanken shanu, da awaki, da yara ƴan makaranta, ga kuma mahayi babu hular kwano, ƙarshen abin shi ne babban asibitin Damagaram, in an yi sa'a ke nan.

Wani zai ce, to ai Vespa ma ƴar Italiya ce, ga shi ta yi zamani a ƙasar Hausa. Gaskiya ne. Piaggio ya fitar da ita a 1946, kuma iyayenmu malaman makaranta da ƴan kasuwa sun more ta a shekarun 1970 da 1980, har yau ana ganin dattawa a kanta a Kano da Damagaram. Amma me ya sa ta daɗe? Saboda injinta mai sauƙi ne, ba bawul ba bel, kayanta sun cika kasuwa, kanikawa kuma sun koye ta tun suna yara. An ƙera ta ne don talakan Italiya da ya fito daga yaƙi. Ko kamfanin Bajaj na Indiya, mai Boxer ɗin da muke hawa, da ƙera Vespa bisa izinin Piaggio ya fara suna. Saboda haka ba sunan ƙasa ke raya babur ba, samun kayansa da mai gyaransa ne. Kama da wane ba ta wane.

Wanda Allah ya hore wa, ya kuma ce lallai sai ya saya, ba ni da ikon hana shi, kuɗinsa ne. Shawarata dai ita ce kada ya sayi biri a sama. Ya ga babur ɗin da idonsa, ya tafi da bakanikensa. Ya nemi a tada injin da sanyinsa, ba bayan an ɗuma shi ba. Ya tambayi ranar da aka canza bel, in mai shi ya fara kame-kame, ya ɗauka ba a canza ba. Ya duba shekarar da aka buga a jikin taya, domin tsohuwar taya ko da zanenta bai cinye ba robarta ta bushe. Ya gwada ko batir yana caji, saboda wuta na cikin abin da ya fi ba tsofaffin baburan nan matsala. Ya haɗa lambar jikin babur da ta takarda, ya tabbatar an biya duwan, ya yi asiransi, ya kuma mallaki lasisin tuƙin da ya dace. Bayan haka ya ajiye wani kuɗi gefe don gyara, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga hukuma kuma, kirana shi ne jandarmomi da ƴan sanda su matsa kan hular kwano da lasisi ga kowa, ba ga ɗan kabu-kabu kaɗai ba, a bar ɗan mai kuɗi yana tsere a cikin gari. Iyaye ma su ji tsoron Allah wajen miƙa wa yaro makullin abin da ya fi ƙarfinsa.

Samarinmu, kuɗin tsohon babur ɗaya na tsere zai iya sayen ƙanana biyu ko uku da za su riƙa shigo da kuɗi kullum, ko injin ban-ruwa da za a yi noman rani da shi a fadamunmu. Allah ya ba mu ikon bambance buƙata da sha'awa, ya kuma tsare mu a kan hanya, amin.