Bashin da Ya Kai Kamfanin Gibson Kotu

 

Ranar 1 ga watan Mayun 2018, kamfanin Gibson na Amurka, wanda ya haura shekara ɗari yana ƙera jita, ya garzaya kotu yana roƙon ta shiga tsakaninsa da masu binsa bashi. Abin da ake binsa ya tasam ma dala miliyan 500. Wani zai ce, to ina ruwan manomin Randagi ko ɗan tiredar Kuyello a ƙasar Birnin Gwari da kamfanin kayan kiɗa na birnin Nashville? Da ruwansa. Ciwon da ya kwantar da Gibson ba baƙo ba ne a jihar Kaduna, kuma icen da ake yin jitar dangin wanda ke cikin dajinmu ne.

Wani masassaƙi mai suna Orville Gibson ne ya fara wannan sana'a a ɗan shagonsa da ke garin Kalamazoo a shekarar 1894. A 1902 wasu 'yan kasuwa suka zuba jari, abu ya zama kamfani. A 1952 suka fito da jitar lantarkin nan da ake kira Les Paul, wadda har gobe ita ce kan gaba a kayansu. Duk wanda ya taɓa ganin hoton Bob Marley a kan dandamali rataye da jita, to galibi ta gidan Gibson ya gani. Haka ma B.B. King.

Faɗuwar 2018 ba ita ce tuntuɓen farko ba. A 1969 kamfanin ya faɗa hannun wasu attajirai da suka yi kuɗinsu a harkar giya a ƙasar Ekwado. Lissafi suka sani, ba su san ice ba. Aka shiga rage tsada, inganci ya yi ƙasa, makaɗa suka koma neman tsofaffin jitoci a hannun 'yan gwanjo. A 1984 aka rufe tsohuwar masana'antar Kalamazoo aka tattara zuwa Nashville. Wasu tsofaffin ma'aikata suka ce ba inda za su. Suka zauna a cikin ginin, suka kafa nasu kamfanin mai suna Heritage a 1985, suka ci gaba da aikin da hannunsu ya saba. Masu kuɗi sun tafi da suna, gwanintar kuwa ta ƙi binsu.

A 1986 Henry Juszkiewicz da abokansa biyu suka sayi Gibson a kan dala miliyan 5 kacal, yana gab da mutuwa. A ba mutum haƙƙinsa, shi ya tayar da komaɗar kamfanin, ya dawo masa da martaba. Sai dai nasara ta buɗe masa ido fiye da kima. Ya ƙudurta cewa jita kaɗai ta yi wa Gibson kaɗan, dole ya zama katafaren kamfanin kayan sauti na duniya. Ya sayi kamfanin fiyano na Baldwin. Ya sayi hannun jari a kamfanonin Japan na Onkyo da TEAC. A 2014 ya biya dala miliyan 135 ya karɓi sashen kamfanin Philips mai yin lasifika da abin saƙalawa a kunne. Mafi yawan wannan saye-saye da kuɗin rance aka yi shi, kuma abin da ya sa masu kuɗi suka yarda suka bayar shi ne tsohon sunan nan.

Kasuwar lasifika kuwa ba ta san tsohon suna ba. Can ana gogayya ne da masana'antun Sin da Koriya masu fitar da sabon samfuri kowane 'yan watanni a kan farashi mai rahusa. Ribar da masassaƙan Nashville ke kawowa sai ta riƙa zurarewa wajen toshe ramin da wancan sashe ke haƙawa.

Ita kanta jitar ba a ƙyale ta ba. A samfurin 2015 sai aka maƙala wani ɗan akwati mai batir a bayan kan jitar, da 'yan injuna ƙanana da ke murɗa kunnuwan tsirkiya da kansu. Ka danna maɓalli, ka kaɗa, ka ji suna ƙugi suna saita maka sauti. Aka faɗaɗa wuyan jitar, aka kuma ƙara mata kuɗi sosai. Ba a tambayi makaɗa ba. Kamar ka je wa tsohon mai garaya da na'urar da za ta riƙa ɗaure masa tsirkiya ne, alhali kunnensa ya yi shekara arba'in yana wannan aiki, sa'an nan ka ce ya biya ka ladan taimakon. Da yawa daga waɗanda suka saya sun kai wa masu gyara an kwance musu akwatin an mayar da kunnuwan hannu. Shekara na zagayowa kamfanin ya janye tilascin, amma an riga an ɓata da masu saye da kuma dillalai.

A lokacin an yi ta cewa ai zamani ne, matasa sun koma haɗa kiɗa da kwamfuta, jita ta mutu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jaridar Washington Post ta ruwaito a 2017 cewa cinikin jitar lantarki a Amurka ya sauko daga kusan miliyan ɗaya da rabi a shekara zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai cikin shekara goma. To amma mu a nan wannan uzuri bai gamsar da mu ba. Ko a ranar da Gibson ya shiga kotu, sashen jita yana kawo kuɗi. Kamfanin jita na Martin, wanda ya girme shi, tun 1833 yake hannun zuri'a ɗaya, kuma wannan zamanin bai kai shi kotu ba. Kamfanin jita na Fender ma ya ɗanɗana irin tuntuɓen Gibson bayan da gidan talabijin na CBS ya saye shi a 1965, har sai da ma'aikatansa suka fanshe shi a 1985, kuma a 2020, lokacin kullen korona, ya yi cinikin da bai taɓa yi ba. Wanda ke shakkar cewa ana son jita, ya leƙa gidan biki a Agadas. Mdou Moctar na Nijar, da ke zagaya duniya yanzu, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko.

Kotu ba ta ɓata lokaci ba. Cikin wata shida aka rufe sashen kayan lantarkin, masu bin bashi ƙarƙashin kamfanin zuba jari na KKR suka karɓi mallaka, Henry ya sauka daga kujera, aka naɗa sabon shugaba. Masu sassaƙa da masu fenti ba su daina zuwa aiki ba.

Nan ne zancen ya iso gida. Masaƙar KTL da ke Kakuri, wadda aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007. Kamfanin haɗa motocin Fijo da ya fara aiki a Kaduna a 1975, bashi ne ya sa hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012. Ba za mu ce cutarsu ɗaya da Gibson ta kowace fuska ba. Masaƙunmu sun sha fama da rashin wuta, da tsadar baƙin mai, da atamfar fasa-ƙwauri da ke kwararowa ta kan iyaka. Amma KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce, kuma ba a samu wanda ya tsaya ya ce a zauna da masu bin bashi, a yanke abin da ya ruɓe, a sauya shugabanni, a bar injuna suna juyawa ba. An sa kwaɗo aka watse. Ma'aikata sun yi shekaru suna zarya neman haƙƙinsu na sallama, wasu har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. Mutumin da ya iya gane matsalar injin saƙa da jin ƙararsa kawai ya koma acaba. Ko yau aka kawo kuɗi, ina za a samo irinsa?

Ba sai babban kamfani ba. Kowa a cikinmu ya san gidan sana'a, na kafinta ko na maƙeri ko na mai burodi, da uba ya gina da hannunsa. Yana rufe ido sai magada su ɗauki sunan su kai banki, su karɓi rance su sayi tirela, su fara ginin gidan mai, harkokin da ba wanda ya gada a cikinsu. Tsohon yaron shagon da ya san sirrin aikin kuwa albashinsa ya gagara, ya kama gabansa. Bayan shekara uku allon sunan ne kawai ya rage a bakin titi.

Sai batun ice. Jikin jitar Les Paul da icen mahogani ake yinsa, ɗan gida ɗaya da maɗacinmu, kuma ba ya kaɗuwa da daɗi sai ya bushe sarai. A 2009 da 2011 jami'an gwamnatin Amurka sun kai samame masana'antun Gibson suka kwashe katakon da aka shigo da shi daga Madagaska da Indiya. A 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala dubu 300. Wato a can, sai ka nuna takardar inda aka saro icen. Mu kuwa mun ga yadda aka yi wa madobiya. A 'yan shekarun da suka biyo bayan 2013 an yi ta yanka ta gunduwa-gunduwa, musamman a Taraba, ana cika kwantena zuwa Sin don yin kujerun alfarma, har sai da hukumar yarjejeniyar CITES ta dakatar da cinikinta daga Najeriya a 2018. Mai gari ya karɓi ɗan abin goro, riba ta tafi ƙetare, kututture ya rage mana.

Dajin Kamuku, da ya zama gandun ƙasa a 1999, yana da doka da maje da taura da ƙirya da ɗorawa. Bayan sulhun da gwamnatin jiha ta ƙulla da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, hanyar Kaduna ta buɗe, kasuwar shanu ta dawo, alhamdu lillahi. Amma hanyar da ta buɗe wa manomi ita ce ta buɗe wa mai injin yankan katako da mai buhun gawayi. Muna kira ga masarautar Birnin Gwari, da ƙaramar hukuma, da jami'an gandun daji, kada a bari motar katako ta fita ba tare da an san inda aka saro shi, da wanda ya ba da izini, da abin da aka dasa a madadinsa ba. Hakimai da dagatai, ku ne kuka fi kowa sanin wanda ke shiga dajin nan, mu ji daga gare ku tun kafin rani ya kama.