Daga Roma Zuwa Bagudo: Wa Muke Yi Wa Kiɗa?

'Yan uwa marubuta, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Yau kanmu za mu yi wa faɗa.

A shekarar 1880 wani gwanin tsara kiɗa ɗan Rasha, Tchaikovsky, ya sauka a birnin Roma kusa da barikin sojan doki. Kullum yana jin busar begilarsu, in ya fita kuma ya ji waƙoƙin talakawa a titi. Su ya kwasa ya tsara kiɗan da ya kira Capriccio Italien, wanda makaɗa da mabusa masu yawa ke haɗuwa su kaɗa. Kafin shi, Bajamushe Mendelssohn ya zaga Italiya daga 1830 zuwa 1831, ya rufe nasa kiɗan da taken rawar mutanen Roma. Har yau a Turai ana kaɗa irin waɗannan, a sayar da tikiti, a miƙa kuɗin ga asibiti ko marayu. Shi kuwa Verdi, ɗan Italiya, da guminsa ya gina wa tsofaffin makaɗa gida a Milan, aka buɗe shi a 1902.

To, mu fa? Ga Bagudo nan a Jihar Kebbi, Kwara ta ratsa ƙasarta, ga Lolo da Tsamiya a bakin iyakar Benin. Kasuwa ɗaya za ka ji Hausa da Fulatanci da Dendi da Zabarmanci. Ga masunta, ga manoman shinkafa, ga 'yan fito. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, fatauci ya tsaya. Ruwa ya cinye gonakin shinkafa a Kebbi a 2020. Shin mu nawa muka je muka saurara, balle mu rubuta? Baƙo ya yi 'yan watanni a Roma ya fito da abin tarihi, mu muna zaune a gida muna ƙaga labarin attajiran da ba mu taɓa gani ba!

Wani zai ce kiɗan Turawa ba namu ba ne. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a aro kayan kiɗansu ba. Ƙasar da ta ji Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani ba ta rasa makaɗa ba. Abu biyu muke so a ara: kunnen sauraron talaka, da sanin inda kuɗin taro zai tafi. Wajen ƙaddamar da littafi, mu wasa babban baƙo, ya yi alkawari, abin da ya samu ya faɗa aljihun mutum ɗaya. Wannan ai roƙo ne da alƙalami.

Shawararmu ita ce, mu kai taron karatu Bagudo. A gayyato masu goge da kalangu, a karanta abin da muka rubuta kan mutanen wurin, a ƙirga kuɗin ƙofa a gaban jama'a, a damƙa wa waɗanda ruwa ya ci. In mun kasa wannan, to mu daina kiran kanmu madubin al'umma.

Allah ya sa mu dace.