A Fara Darasin Rarrabe Gauraye Daga Faifan Uwa

A makarantun sakandare na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, kamar sauran wurare, darasin rarrabe daskararrun abubuwan da suka gauraya yana cikin darussan farko na ilimin sinadarai. Sau da yawa akan rubuta hanyoyin a allo, ɗalibai su haddace, a wuce, bisa hujjar rashin ɗakin gwaje-gwaje. Wannan hujja ba ta da ƙarfi, domin darasin yana nan a tsakar kowane gida.

Ƙa'idar guda ce: a nemo siffar da abubuwa biyu suka bambanta a kanta, a yi amfani da ita. Matar da ke sheƙar dawa a Kiru ta dogara da bambancin nauyi, iska ta kwashe ƙaiƙayi ta bar ƙwaya. Mai tankaɗe da rariya ta dogara da bambancin girma. Mai regen shinkafar Tudun Wada a ƙwarya ta san tsakuwa takan kwanta a ƙasan ruwa.

Wannan dabarar ce masu wankin kuza ke bi a Riruwai ta ƙaramar hukumar Doguwa, inda ake haƙar kuza tun kafin zuwan Turawa. Idan aka auna mudu da mudu, kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, saboda haka ruwa yakan tafi da yashi ya bar ta.

Malami na iya gauraya garin ƙarfe daga maƙera da gishiri da yashi, ya miƙa wa ɗalibai. Maganaɗisu zai janye ƙarfen. Ruwa zai narkar da gishirin, ƙyalle ya tace yashin, zafin rana ya ƙafar da ruwan, gishiri ya dawo. Wanda ya fara da zuba ruwa zai ga ƙarfensa ya jiƙe ya manne da yashi, ya gane cewa jerin matakan ma ilimi ne. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, in iyaye sun iya, mene ne amfanin makaranta? Amsar tana Zamfara. A shekarar 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Masu aikin sun ƙware wajen ware zinariya, amma ba su san abin da ke cikin ƙurar da ta rage ba. Gwanintar hannu takan tsaya a kan abin da ake so; kimiyya kuwa takan tambayi inda ragowar ta tafi.

Yankin da ke da ma'adinai irin na Riruwai yana bukatar matasan da suka iya yin wannan tambaya. Wajibi ne malamai su shigo da faifai da rariya da ƙwarya cikin aji, kada su jira kayan da ba a san ranar zuwansu ba.