Baurin ganye da tsutsar cikin tumakinmu

Maƙalar wannan makon daga turke za ta fara.

Duk wanda ya taso a unguwannin da ke kewaye da Bompai, irin su Dakata, Kawaji, Gama da Tudun Murtala, ya san tunkiya a gidajenmu asusu ce. Tun da kamfanoni da yawa suka rufe ƙofa, waɗanda suka rage kuma suka koma ɗaukar leburan wucin gadi, iyayenmu mata suka riƙe kiwo hannu bibbiyu. Da ragon da aka turke ake biyan kuɗin jarrabawa, da shi ake haɗa kayan ɗaki. To amma duk damina sai mun yi asara iri ɗaya: dabba tana ci tana ramewa, haɓarta ta kumbura kamar an ɗura ruwa, wata safiya a tarar ta kasa tashi. A gidanmu bara tunkiya mai goyon tagwaye muka rasa, bayan mun ɗura mata ƙwayar tsutsa har sau uku daga hannun wani mai talla da ya ce maganinsa ba ya ƙarya.

Mafi yawan lokaci mai wannan ɓarna wata siririyar tsutsa ce da masana ke kira Haemonchus contortus. A sashen ƙarshe na tumbi take zama tana tsotsar jini, kuma mace ɗaya kan zuba ƙwai 5,000 zuwa 10,000 a rana. Ƙwan ya fito cikin kashi, ya ƙyanƙyashe idan ya samu danshi da ɗumi, cikin kamar mako guda 'ya'yan sun hau ƙasan ciyawa suna jiran baki. Mu kuma da asuba, raɓa ba ta bushe ba, muke tura yara su yanko ciyawar bakin kwata inda dabbobin unguwa suka yini. Da hannunmu muke kai tsutsar turke. Balle ciyawar gefen rafin Getsi, wanda ke kwashe ruwan masana'antun Bompai. Wannan kam ko ba tsutsa bai kamata dabbar da za a ci namanta ta ɗanɗana ba.

Abin da muka iya kawai shi ne ƙwaya. Albendazol yau, ibamektin gobe, ba awon nauyi, wani lokaci a raba ƙwaya ɗaya ga tumaki biyu don tattali. Rabin magani raunanan tsutsotsi yake kashewa, masu taurin kai su rayu su hayayyafa. Haka aka yi a Afirka ta Kudu da Ostireliya har aka wayi gari wasu gonaki magunguna da dama ba sa ci. Ba mu da dalilin zaton namu tsutsotsin sun fi nasu ladabi.

Ra'ayinmu a nan shi ne mu mayar da ganye cikin abincin tumaki, mu ajiye ƙwaya don ranar da ake buƙatarta da gaske. Kuma abin mamaki, mu mutanen garin fata mun fi kowa sanin sirrin. Baurin nan da ke ɗaure baki idan ka tauna bagaruwa, shi ne sinadarin tanin, shi majemanmu na gargajiya ke jeme fata da shi tun kafin masana'antun Sharada da Challawa su zo da hodar kurom. Aikinsa kama furotin. Yadda yake kama fatar akuya ta ƙi ruɓewa, haka yake taɓa fatar tsutsa a cikin tumbi: 'ya'yan da aka haɗiya su kasa kafuwa yadda suke so, manyan kuma ƙwansu ya ragu. A Faransa da Suwizalan an gwada haka da wata ciyawa mai suna sainfoin, a kudancin Amurka da sericea lespedeza, aka ga ƙwan tsutsa a kashin dabbobi ya ragu.

Ba sai mun yi odar ciyawar Turawa ba. Makiyayanmu sun daɗe suna ba dabba ganyen marke idan cikinta ya ɓaci, kuma masana a Sakkwato da Burkina Faso sun gwada shi a kan tsutsar tumaki suka ga yana tasiri. Ga kalgo, ga sabara, ga 'ya'yan gawo da dabbobi ke rububi da rani. Ganyen rogo ma yana da tanin, amma sai an shanya shi ya bushe tukuna, domin ɗanyensa na da guba. Harawar wake da ta gyaɗa ba su da bauri sosai, sai dai suna gina jiki, dabbar da ta ƙoshi kuwa ta fi jure tsutsa, ga shi shanyar da ake yi wa harawa tana kashe mafi yawan 'ya'yan tsutsar da ke jikinta.

Za a ce, to ai shi ke nan, a bar kantin magani. A'a. Mun san halinmu, da zarar an yabi ganye sai wani ya cika kwano da garin bagaruwa ya tura wa rago. Tanin idan ya yi yawa yana rage cin abinci, yana hana jiki amfana da abin da aka ci, bagaruwa mai yawa kuma tana iya yi wa dabba illa. Ganyen nan haɗi ne a kan harawa da dusa, ɗan kaɗan a kai a kai, musamman daga faɗuwar ruwa zuwa kaka. Rage tsutsa yake yi, ba ya share ta. Tunkiyar da jininta ya riga ya ƙare, marke ba zai tashe ta ba.

Yadda za a gane ta kuwa ba ya cin ko sisi. A ja fatar idonta ta ƙasa a cikin haske. Idan cikin ja ne sosai, a bar ta da ganyenta. Idan ya koɗe ya yi fari-fari, a nemi malamin dabbobi ya ba da cikakken magani daidai nauyinta. Wannan dubawar ita ce tushen tsarin FAMACHA da aka ƙirƙiro a Afirka ta Kudu a shekarun 1990, kuma hikimarsa ita ce a cikin garke 'yan kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan tsutsa, don haka ba dole a ɗura wa kowa ba. Masu ragon layya kuma su karanta kwalin: akwai kwanakin da aka rubuta a jira kafin yanka, mu da 'ya'yanmu ne za mu ci naman.

Inda gizo ke saƙar shi ne samun ganyen a cikin birni. Marke itacen girki ne mai daraja, gawayinsa na da kasuwa, shi ya sa kullum sai ƙara nisa yake. Masu kawo harawa a kura da a-kori-kura daga wajen Gezawa da Minjibir za su haɗo da damin kalgo da sabara idan sun san akwai mai saye, don haka mu fara tambaya. Kuma ga filayen kamfanonin da suka mutu a Bompai, katanga ta kewaye, ciyawa ta rufe, babu abin da ke ciki sai macizai. Ƙungiyoyin unguwa su nemi izinin masu su, a dasa gawo da kalgo a gefen katanga a daminar nan, a samu matasa biyu su riƙa ban ruwa idan rani ya shigo.