Taswirar Wasan Bidiyo da Abin da Ake Datsewa

Matasan da ke cika gidajen wasan bidiyo a Wuse da Kubwa ba safai suke lura da cewa duniyar da suke zagayawa a kan allo ragowar wata ce wadda ta fi ta girma a takarda ba. Taswirar wasa, wato shimfiɗar ƙasar da ɗan wasa yake yawo a cikinta, tana cin kuɗi da lokaci ƙwarai, domin kowane tsauni ko kwari yana buƙatar mai zane da mai rubuta umarnin kwamfuta da mai gwaji, saboda haka idan ranar fitarwa ta ƙarato sai a shiga datsewa. Wasan Metal Gear Solid V, wanda kamfanin Konami na Japan ya fitar a 2015, ya shimfiɗa manyan fagage biyu, ɗaya a Afganistan, ɗaya a iyakar Angola da Zayar, amma babi na 51, wanda ya kamata ya ƙarasa labarin wani yaro mai suna Eli, bai shiga wasan ba, sai guntun bidiyonsa aka saka a faifan bugu na musamman. Datsewa kanta ba aibu ba ce, tunda fili mai faɗi marar komai gajiyar da ɗan wasa yake yi, sai dai a nan an zubar da ƙarshen labari an bar daji. Mazaunin Abuja ya saba da irin wannan giɓi tsakanin zane da gini, domin Hasumiyar Millennium da aka fara a 2006 ta shafe fiye da shekara 15 a tsakiyar birni ba a kammala ta ba.